Hoton Mutumin Yagwa

Babana mai hoto ne, kuma a duk Garwa ban san wanda ya kai shi nawa ba. Shagonsa yana bayan babbar kasuwa, tsakanin wani tela da wata mata mai sayar da ƙanƙara. In ka shigo ka ce hoto kake so, to ka ajiye sauran hidimarka ta ranar. Zai zaunar da kai a kujerar ƙarfe, gaban labulen nan da aka zana wa gidan bene da bishiyar kwakwa, ya gyara maka hula, ya koma bayan kyamara ya leƙa, ya dawo ya sauke maka kafaɗa ɗaya, ya tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, ya ba ka labarin ranar da ya ɗauki kawunka. Sai ka gaji, ka manta ma abin da ya kawo ka, sannan ya danna. Sau ɗaya tak. In ka ƙifta ido, ruwanka.

Akwai wani tsohon tarho a shagon wanda ba a taɓa haɗa shi da waya ba, da furen roba a kwalba. Mahauta in sun tashi daga kasuwa sukan yi wanka su sa farar riga su zo, kowa ya ce a ba shi tarhon ya riƙe a kunne, ya haɗe rai kamar gwamna ne ke kan layi. Baba ba ya dariya. Har nuna musu yake yadda ake riƙewa.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya jira. Ko shayi aka ba ni sai na ƙona harshe. Don haka kowa a gidanmu ya yi mamakin yadda na fi son shagon a kan zaman tsakar gida. Abin da ke ja na ɗakin duhu ne, wani ɗan lungu a bayan shago da aka toshe wa taga da bargo. A can yake wanke hoto baƙi da fari da hannunsa. Zafin Garwa ba ya barin ruwan magani ya zauna yadda ake so, in bazara ta yi ruwan famfo ma kamar an sauke shi daga wuta, sai ya aike ni wurin maƙwabciya in karɓo ƙanƙara a kwano. Fim ɗin da bai buɗe ba ma a firjinta yake ajiyewa, ƙarƙashin ledojin zoɓo. Ina tsayawa kusa da shi a hasken jan ƙwai, tsamin maganin yana shiga hanci, farar takarda tana kwance a faranti babu komai a kanta. Sai ido ya fara fitowa, sai hula, sai mutum gaba ɗaya. Wannan kaɗai ne jiran da ban taɓa jin haushinsa ba.

Mai kala kuma sai an kai babban shagon wanki a cikin gari, kuma ba ya kaiwa sai fim ya cika talatin da shida cif. In kai ne na farko a fim, kasuwa kuma ta yi sanyi, sai ka yi mako biyu kana zirga-zirga. Mutane suna ƙorafi, amma suna dawowa.

Abin da ke dawo da su akwatunan ƙarfe uku ne da ke ƙarƙashin teburinsa. Duk nigatif ɗin da ya taɓa ɗauka, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga cikinsa, yana nan ciki, kowanne a ambulan ɗinsa. A bayan ambulan yana rubutu da biro, yana dannawa kamar mai sassaƙa: rana, wata, garin mutum da sana'arsa. A bayan hoton da ya ba ka kuma ya buga hatimin shago da ranar. In ka dawo da hoton bayan shekara ashirin, ko ya yage ko gara ta ci rabinsa, zai juya bayansa ya karanta, ya durƙusa, ya fito da kai sabo. Na ga 'ya'yan wani dillalin shanu sun taso tun daga Maiganga bayan rasuwar ubansu, su shida kowa yana son nasa, Baba ya fitar musu da shi yana saurayi riƙe da sanda. Magana ɗaya yake yi a irin wannan rana, yana kakkaɓe gwiwa: wanda ya zauna a kujerar nan ba ya ɓata. Haya muke a lokacin, ko babur ba shi da shi. Wannan maganar ce dukiyarsa.

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, na ce ba zan koma lise, wato makarantarmu, in zauna aji ɗaya da ƙannena ba, sai na tare a shago. Lokacin kasuwa ta fara juya mana baya. Samari sun fito da sababbin kyamarori marasa fim, suna yawo gidajen biki da suna, su ɗauka su juya maka bayan kyamarar ka ga kanka nan take. Ba wanda zai ƙara jiran mako biyu. Kawuna, ƙanen Mama da ke fatauci zuwa Najeriya, shi ya ga abin ya yi yawa ya kawo wa Baba irinta daga Kano. Baba ya yi godiya, ya sa ta a aljihun tebur wata guda cur. Sai da na ce in ba zai taɓa ta ba zan mayar wa Kawu kayansa, sannan ya fito da ita.

Ya karɓe ta, amma bisa sharaɗinsa. Ya ɗaure ta a kan ƙafafun tsohuwar, ya ci gaba da gyaran hula da dogon labari, ya danna sau ɗaya. In mutum ya miƙo wuya zai leƙa bayan kyamara, sai ya rufe gilashin da tafin hannu, wai shi ba ya nuna aikin da bai gama ba.

Duk wannan na haƙura. Abin da ya tayar mini da hankali kat ne, ɗan abin nan kamar farcen babban yatsa da hotuna ke taruwa a ciki. Ranar da na farko ya cika, Baba ya zare shi aka kai aka buga hotunan, ya sa shi a ambulan, ya yi rubutu a baya, ya jefa a akwati na uku. Ya sayi wani. A wurinsa kat fim ne kawai da ya ƙanƙance. Kuma lokacin kat ba abin arha ba ne, har Mama ta fara tambaya ko sabuwar kyamarar nan nama take ci.

Na ce masa, "Baba, ana goge shi fa. A goge a sake ɗauka a kai, sau nawa ma."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, mutanen da ke ciki fa? In an goge, su tafi ina?"

Na yi masa bayani da ƙarfi kamar ina magana da kurma, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ana kwashe su a kwamfuta, daga nan a zuba su a faifan sede, faifai ɗaya ya ɗauki abin da akwati guda ba zai ɗauka ba, gara ba ta cinsa, ba ya tsatsa. Ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce kowa ya sani. Kwana uku muka yi muna wannan, ni ina magana shi yana goge gilashin kyamara. A ƙarshe ya bi ni siber ɗin da ke kusa da lise, shagon da ake biya a hau kwamfuta, ya tsaya a bayana ya goya hannu. Mai shagon, wani mutumin kudu mai fara'a, ya zuba katunan a faifai, ya cire ya sake sawa, fuskoki suka fito reras. Baba ya sa aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin garin kowa. Sannan ya ce in goge. Ya juya baya lokacin da na danna.

Daga nan tsari ya zauna. Kat ya cika, in kai siber, in ga faifai ya buɗe da idona, in goge kat, in kawo faifan shago. Baba ya ɗora shi a kan tebur, ya ɗauki bironsa, ya rubuta a kansa kamar yadda ya saba yi wa ambulan, daga rana kaza zuwa rana kaza, yana dannawa. Ina zaune ina kallonsa yake yi. Har yaba kyan rubutun nake a raina.

Bayan shekara muka samu tsohuwar kwamfuta tamu da ƙaramin injin buga hoto. Cikinta ƙarami ne, duk mako sai na kwashe abin da ke ciki a faifai na share. Kyamarar kuma ta koma hannuna, don idon Baba ya gaji da ƙananan rubutun da ke jikinta. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin lokacin nan. Mutum ya zauna, in danna goma a jere, in juya masa ya zaɓi ɗaya, in goge tara, kafin ya gama shan ruwan leda hotonsa na hannunsa da ɗuminsa. 'Yan mata suna cika shagon da dariya, wannan ta ce goge, hancina ya yi girma, waccan ta ce sake, ban shirya ba. Baba yana kan benci a ƙofa shi da tela suna sauraron rediyo, aikinsa buga hatimi a bayan hoto da rubutu a kan faifai. Wani lokaci ya leƙo ya ce mini wuyan rigar mutumin nan a karkace yake. In ce Baba, ai ya riga ya kai bakin titi.

Matar ta zo ne wata bazara, ana tsakiyar zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita. Doguwa ce baƙa, goye da yarinya. Ta yi sallama ta gaishe mu da Fulatanci, da ta ji muna Hausa sai ta juya, Hausarta tana ɗan tuntuɓe. Daga Yagwa take, tun asuba tana cikin mota. Mijinta ɗan kasuwar shinkafa ne, yana sarowa a Maga ya kawo Garwa. Wani zuwa da ya yi ya ɗauki hoto a shagonmu ya kai mata, tana da ciki a lokacin. Bai ga haihuwar ba, mota ta kife da su a hanya. Ta haihu tana cikin takaba, hoton yana rataye a bangon ɗakinta. Daminar da ta wuce ruwa ya shiga unguwarsu, bangon ya zauna.

Ta kwance bakin zane ta fito da shi a leda. Labulenmu ne, ga gidan bene ga kwakwa. Mutum ne zaune cikin shuɗiyar riga, hannuwa a kan gwiwa. Daga wuya zuwa sama babu komai sai dabbare-dabbare ja da rawaya, tawadar ta narke ta gangara. Hoton da Baba ke wankewa a ɗakin duhu ko ya kwana a ruwa shanya shi kawai za ka yi. Wannan na injina ne.

Ta ce shi kaɗai ne hotonsa. Katin shaidarsa yana aljihunsa ranar haɗarin, ba a same shi ba, 'yan uwansa kuma ba wanda ke da ko ɗaya. Wani ɗan garinsu ne ya ce ta zo, mai hoton nan na Garwa ba ya zubar da kowa. Ta ce ba don kanta take nema ba, ita ta san fuskarsa. Ta ɗan girgiza goyon da ke bayanta. "Wannan ce za ta tambaye ni."

Baba ya miƙe daga benci da saurin da na daɗe ban gani ba. Ya juya hoton, hatimin ya tsira, ranar tana nan sarai. Ya ce mata, "Zauna, 'yata, kin zo gida. Kafin ki gama shan ruwa ya fito." Ya durƙusa gaban akwati na uku, bai yi lalube ba, ya zaro faifan ya miƙo mini.

Na sa shi. Kwamfuta ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, ta tofo shi. Na goge da bakin mayafi, na hura, na mayar. Sau biyar. Na ce ai kwamfutarmu ce ta tsufa. Baba ya ce wa matar ta je ta huta wurin wasu 'yan uwa da ta ce tana da su a gari, ta dawo gobe da hantsi.

Muka tafi siber tare cikin ranar nan, ba mu jira la'asar ba. Mai shagon ya gwada a kwamfuta uku. Sannan ya fita ƙofa, ya ɗaga faifan ya saita rana, ya kira mu. Rubutun Baba ne ke haskowa ta ɗaya gefen, rana tana ratsa kowane harafi. Ya yi mana bayani da Faransanci, a hankali, yana kallon ƙasa. Ashe hotunan ba a gefen nan mai ƙyalli suke ba, wanda muke ta lallaɓawa kada ya karce. Suna kwance ne ƙarƙashin siririn fentin sama, daidai inda ake rubutu. Akwai alƙalami mai laushi da aka yi don haka. Biro yankawa yake yi. Ya ce wasu fayafayan za su iya buɗewa, amma wannan dai zafi ya ƙarasa abin da biro ya fara, fentin har ya soma ɓarewa.

Baba yana jin Faransanci sarai, amma ya sa na maimaita masa da Hausa.

A hanya na fara. Haka nake, in na ji tsoro faɗa nake yi. Na ce wa ya ce ya dinga danna biro kamar baduku yana huda fata, na ce shi komai sai ya yi irin na da. Muka wuce masu gasa nama. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da kat ɗin yana ambulan, da yanzu tana hanyar gida." Bai ƙara tayar da maganar ba, ko ranar ko bayanta.

Da muka koma shago muka fito da fayafayan duka muka yi ta gwadawa har la'asar sakaliya. Wasu suka buɗe, da yawa suka ƙi. Duk wanda ya ƙi, Baba ya karanta ranakun da ke kansa a fili ya ajiye shi gefe. Salla biyu suna ciki, da bikin 'yar tela.

Da hantsi ta dawo, ta sa wa yarinyar riga mai kyau. Na so in shige ɗakin duhu, wanda a lokacin ya zama wurin tara kwali, Baba ya ce in zauna inda nake. Shi ya gaya mata, a tsaye. Bai ambaci kwamfuta ba, bai ambaci zafi ba, bai ambace ni ba. Ya ce, "'Yata, na ɓatar miki da shi. Da hannuna. Ki yafe mini."

Ta yi salati a hankali. Sannan ta tambaya ko shi ya ɗauke shi, ko ya tuna ranar. Na gane abin da take so, ta koma gida da wani abu, ko labari ne. Kuma da Baba ne ya ɗauka da ta samu, da ya gaya mata irin hular da ya sa, da hirar da suka yi, da kafaɗar da ya sauke masa. Baba ya ce ba shi ba ne, ya nuna ni.

Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, kin tuna shi? Dogo ne, yana da wushirya. Ba ya shiga wuri ya fita bai sa mutane dariya ba."

Na sake duba ranar da ke bayan hoton. Jajiberin salla ne. Na nemi shuɗiyar riga a cikin kaina, na nemi wushirya, ban samu komai ba sai layi har waje, da zufa, da muryata ina cewa na gaba. Sau goma na ɗauke shi, tara na goge da yatsana, watakila a cikinsu akwai wanda yake dariya. Zan iya ce mata na tuna, ai ya ba mu dariya ranar, ba wanda zai kama ni. Bakina bai iya ba.

"Adda, ban tuna shi ba. Mutane sun yi yawa ranar, ni kuma sauri nake yi."

Ta gyaɗa kai, ba ta nuna fushi ba, abin da ya fi zagi zafi. Ta ɗauki hoton za ta mayar a leda, sai ta tsaya tana kallonsa. Ta tambaya ko ana iya ƙara wa wani wuri girma a hoto a bar sauran. Na ce ana yi. Ta ɗora yatsa a kan gwiwar mutumin, ta ce hannuwan nan ruwa bai taɓa su ba.

Muka manna hoton a bango kusa da ƙofa inda haske ke faɗowa, na ɗauke shi da kyamara, na yanke iya inda ta nuna. Na miƙa hannu zan kunna injina, Baba ya ce a'a. Ya karɓi kat ɗin ya tafi da kansa babban shagon wanki, aka fitar masa a takardar da ruwa ba ya ci. Muka zauna ni da ita muna jiransa, na saya wa yarinyar ƙanƙara tana tsotsa.

Kafin azahar ya dawo. Hannuwa biyu ne manya a kan shuɗin yadi, sun cika takardar. Sai a lokacin na ga ƙaramin yatsan dama a lanƙwashe yake, ba ya kwanciya tare da sauran. Ta ce injin casar shinkafa ne ya kama shi tun yana ƙarami, kullum ɓoye shi yake a aljihu, ta yi mamaki ma da ya bari aka ɗauka haka. Ta yi 'yar dariya, ta farko tun zuwanta. Ta ɗora yarinyar a cinya ta nuna mata, ta ce da Fulatanci ga babanki. Yarinyar ta kai jiƙaƙƙen hannu za ta cafka, uwar ta janye da sauri, ta naɗe shi a leda biyu tare da tsohon, ta ƙulle a bakin zane.

Baba ya ɗauki jakarta ya raka ta tasha da ƙafa, yana gaba tana biye. Ta samu motar Yagwa kafin ta cika.